Baba Ya Ce Ka Fito

Ranar da Zuliha ta fara kallonsa da kyau, rana ta take tsaka a tashar Birnin Kudu, mutane har sun fara haramar azahar, shi kuwa ya rusuna a gaban mai rake yana cewa, "Ina kwana, Baba."

Dariya ta kuɓuce mata. Ta yi maza ta toshe baki da gefen mayafi, amma ina, ya riga ya ji. Ya juyo, dogo ne baƙi, jaka a baya wata a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Na yi kuskure?"

"Ina wuni ake cewa yanzu. Kwana ya wuce tun ɗazu."

"Ina wuni," ya maimaita a hankali. "Na gode, Malama. Kai ma ɗan ajinmu ne, ko?"

"Ke ake ce wa mace."

Ya dafa kai yana dariya, ita ma ta kasa riƙe tata.

Abin mamaki, ajinsu ɗaya a jami'a can Dutse, sashen aikin gona, amma ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Haka ajin yake tun farko. 'Yan gida su zauna dama, baƙi 'yan nesa su zauna hagu, ba wanda ya kafa dokar, ba kuma wanda ya karya ta. 'Yan gida na cewa baƙin nan rawar kai gare su, kallon ƙauyawa suke yi wa mutane. Baƙi kuma na cewa da zarar 'yan gida sun juya harshe zuwa Hausa, to gulmarsu ake yi. Yanzu ga shi an kwaso su duka an kawo Birnin Kudu, shekarar da ɗalibi ke ajiye biro ya kama fartanya.

Sunansa Abdulsalami, daga Offa ta jihar Kwara. Kafin su isa gonar gwaji ya roƙe ta ta riƙa gyara masa Hausa. Ta ce za ta duba. Ba ta duba komai ba, washegari ita ta fara tambayarsa me ake ce wa mutumin da ya dawo daga tafiya.

Daga nan ta zama Malamata, shi kuma Ɗalibina. A bakin kunya suna shuka riɗi take ba shi darasi.

"Fita daban, fito daban," ta ce masa wata rana. "In ina ciki tare da kai na ce fita, ka bar wurin ke nan. In ina waje na ce fito, ka bar ciki ka zo waje."

"Duk dai barin ɗaki ne."

"Duk barin ɗaki ne," ta ce, ba ta kawo komai a ranta ba.

Ba ta san lokacin da abin ya wuce darasi ba. Ita dai ta ga ba ta iya zama wuri ɗaya. In waya ta yi ƙara gabanta ya faɗi, in ba ta yi ba ta ɗauka ta duba ko caji ne ya ƙare. Saƙonninsa kuwa, da kuskurensu da komai, ba ta goge ko ɗaya.

"Malamata, yau na ci tuwon dawa da miyar kuka na tuna ka. Yi haƙuri, na tuna KI. Kin gani ina ƙoƙari."

Ta mayar masa: "Ɗalibina, ka ci rabin maki. Sauran rabin sai ka daina sa cokali a tuwo."

"In na cinye maki duka, me za a ba ni?"

Ta daɗe tana kallon wannan. Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa ta goge, daga ƙarshe ta tura: "Sai ka ci tukuna."

'Yan gida ba su ji daɗi ba. Wanda ya fi kowa jin haushi Rilwanu ne, ɗan cikin garin Gwaram, shugaban ƙungiyar ɗaliban yankin, wanda tun suna ajin farko yake bin ta da maganar so tana kaucewa.

"Duk samarin Jigawa sun ƙare ne, Zuliha?" ya tare ta a bakin rijiyar gona. "Waɗannan fa karatu ya kawo su. Ranar da suka karɓi takarda, ko ƙurarsu ba za ki gani ba."

"Ai kai ma karatun ne ya kai ka Dutse," ta ce, ta ɗauki bokitinta ta wuce. Amma maganar ta bi ta har ɗaki, ta hana ta sakat.

Da damina ta kankama aka rarraba ɗalibai ƙauyuka su yi aiki da manoma. Wasu Kiyako, wasu Sundimina. Zuliha aka mai da ita garinsu, Basirka, kuma sunan Abdulsalami ya faɗo a rukuninsu. Mai unguwa ya rarraba baƙi a gidajen mutane, Abdulsalami ya faɗa hannun Malam Gwadabe, mahaifinta, manomi mai fataucin hatsi, wanda shagon ƙofar gidansa ba ya rabo da baƙo. Zuliha ta rantse wa ƙawayenta ba da hannunta ba. Ba wadda ta yarda.

Ranar farko Abdulsalami ya zube ƙasa ya kwanta rub-da-ciki a gaban Malam Gwadabe, irin gaisuwar garinsu.

"Subhanallahi! Tashi, yaro, tashi! Ciwo ne?"

"Gaisuwa ne, Baba."

"To mu nan tsugunawa ta wadatar, kada ka ƙarar da rigunanka."

Baba ya so shi. Sahun farko a masallaci, farkon fita gona, kuma ba ya barin dattijo ya ɗauki kaya yana kallo. Sai dai son baƙo daban, ba shi 'ya daban. Ranar da Inna Batulu, mahaifiyarta, ta gane abin da ke tsakaninsu, daga yadda Zuliha ke ƙara man shanu a kwanon shago, gidan ya ɗau zafi.

"Offa!" in ji Inna, ta ajiye muciya. "Ina ne ma Offa? In kin haihu kwana nawa zan yi a mota? Da wane baki zan gaisa da uwarsa?"

Baba bai ɗaga murya ba, shi ya fi tsorata ta.

"Zuliha, ban ga aibun yaron nan ba. Amma ban san gidansu ba, ban san wa ya haife shi ba. Baƙo yana da daɗin zama, ranar da aka ambaci aure ake sanin ko da gaske yake. Mahaifin Rilwanu ma ya yi mini magana, na ce masa sai abin da kika ce. Ba zan yi miki dole ba. Amma ba zan ɗauke ki in miƙa inda ban sani ba."

Daga ranar aka hana ta kai abinci shago. Sai waya. Ta rame a tsaye. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta hau tsinkar zogale ta bar shi rabi, ta leƙa zaure ba abin da take nema. Shi kuma yana turo mata: "Malamata, ki ci abinci. Inna ta ce kin bar tuwo. Ni ina nan, ba inda za ni."

Abin da ba ta sani ba, Baba bai zauna ba. Akwai Badamasi, direban da ke kai masa dawa kudancin ƙasa, wanda ya ji Yarbanci kamar a can aka haife shi. Baba ya sa shi ya ratsa Offa ya yi tambaya. Badamasi ya dawo da labari mai daɗi: mahaifin yaron ladan ne a masallacin unguwarsu, mahaifiyarsa na sayar da atamfa, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce gidan mutunci ne.

Riɗi ya fara nuna lokacin da Inna ta kira ta ɗaki, tana ɓoye murmushi.

"Babanki ya ce ki gaya wa yaron nan ya fito. Kada ya wuce watan nan."

Duk 'yar da ta tashi a ƙasar Hausa ta san wannan magana. In uba ya ce saurayi ya fito, ya yarda ke nan, a turo manya a nemi aure. Zuliha ta rufe fuska ta ruga ɗakinta. Ta ɗauki waya. Ta so ta rubuta masa doguwar magana, kunya ta hana. Ta tura abin da aka ce mata kawai.

"Baba ya ce ka fito."

Shiru. Ta zauna, ta tashi, ta zaga ɗaki. Can sai ga amsa.

"Da gaske? Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Da bakinsa. Ya ce kada ka wuce watan nan."

"Ke ma kin yarda?"

Ta yi murmushi ita kaɗai. Ji wata tambaya! Ta rubuta: "Abin da Baba ya ce shi na ce."

Wannan karon amsar ta daɗe ƙwarai.

"To. Allah ya saka masa da alheri."

Shi ke nan? Ba murna, ba Malamata, ba komai? Ta ce a ranta wataƙila daɗi ne ya ɗaure masa baki.

Washegari da safe, tana cikin gida, ya sami Baba a ƙofar gida ya tsuguna, ya miƙa masa makullin shago.

"Baba, na ji saƙo. Zan tafi. Na gode da komai."

"Madalla, madalla! Haka ake so, ba ɓata lokaci. Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida manya."

Baba ya shigo yana fara'a, ya ce wa Inna yaron nan ɗan halak ne, har ya kama hanyar ɗauko iyayensa. Ya share shagon tas, ya naɗe tabarma ya jingine. Zuliha na jin haka saƙo ya shigo wayarta.

"Malamata, ki yafe ni in na yi laifi. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta kira, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

Wayyo Zuliha. Ba ta gaya wa kowa ba. Inna na lissafin tukwanen da za a aro in baƙi sun zo, Baba ya sa an yi wa zaure sabon shafe, ita kuwa tana yawo da saƙon nan a ƙirji kamar ta haɗiyi garwashi. Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe. Tuwo ma sai ta tsakura ta ture. Maganar Rilwanu ta bakin rijiya ta dawo mata sabuwa, ga ta Baba a kai: ranar da aka ambaci aure ake sani. To an ambata, ya gudu. Abin da ya fi ci mata rai, har yanzu son shi take yi, kuma ta ji haushin kanta a kan haka.

Wata ya kusa ƙarewa sai ga Rilwanu ya zo gaida Baba, wai hanya ce ta biyo da shi. Cikin hira ya saka zancen.

"Af, Baba, jiya ma na ga baƙonku a Birnin Kudu. Ai tun da ya bar nan yana can gidan hayar 'yan Kudu, ba inda ya je."

Baba ya bari baƙo ya tafi. Sannan ya shigo, ya tsaya a tsakar gida.

"Zuliha. Yaron nan ya dubi idona ya karɓi gaisuwa zuwa ga manyansa, ashe yana nan Birnin Kudu. Na faɗa wa 'yan'uwana, na faɗa wa liman. Daga yau kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Kwana ta yi tana juyi. Da safe ta ce wa Inna za ta kai rahoton aiki wurin malaminsu, wanda gaskiya ne, sai dai ba shi kaɗai zai kai ta ba. Motar ta tsaya a Gwaram ta cika, ta tsaya ɗaukar buhuna, ta tsaya sauke mai akuya, Zuliha kamar ta fita ta tura ta. So take ya dube ta ya faɗa mata dalili, ko da dalilin zai kashe ta.

Gidan hayar baƙin ɗalibai yana bayan kasuwa. Ba ɗan gida da ya taɓa taka shi. Ta yi sallama, masu wanki a tsakar gidan suka ɗago. Sharifa ce ta taso, 'yar ajinsu daga Ibadan, wadda ta yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausarta ta fi ta sauran.

"Me kika zo yi kuma? Bai ishe ku ba?"

"Ni aka yi wa laifi, Sharifa."

"Ke? Mutum ya yi muku noma damina guda, babanki ya kore shi kamar ɓarawo, ke kuma kika ce abin da Baba ya ce shi kika ce! Yaro ya daina cin abinci. Ku 'yan gida haka kuke, ku yi wa mutum dariya a fuska..."

"Kora? Wa ya kore shi?"

"Ga shi a waya, ni na gani da idona! Ka fito, kada ka wuce wata. Har ya kira Rilwanu, shugabanku, a daren, ya tambaye shi ko akwai wata ma'ana. Ya ce masa fito ai fito ne, ka tattara kayanka."

Zuliha ta nemi bakin baranda ta zauna. Darasin bakin kunya ya faɗo mata. Duk barin ɗaki ne. Ita da bakinta ta koya masa. Sai ga dariya da kuka sun taho mata tare, ta rasa wanda za ta fara.

Hayaniyar ce ta fito da shi. Ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo. Ya tsaya daga nesa.

"Malama Zuliha."

"Yau kuma Malama Zuliha na koma?" Ta share ido. "Ɗalibina, ka faɗi jarrabawa. Amma laifin malamar ne, ba ta gama darasin ba."

"Ban gane ba."

"In uban yarinya ya ce saurayi ya fito, ba ɗaki ake nufi ba. Cewa ya yi ka turo iyayenka." Muryarta ta yi ƙasa, ta sunkuyar da kai. "Ya ba ka ni."

Sharifa ta dafe ƙirji ta saki wata kalma da Yarbanci. Abdulsalami ya tsaya kamar an dasa shi.

"Ya ba ni... ke? Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Da kika ce abin da Baba ya ce shi kika ce..."

"Sai ka sa na maimaita a gaban mutane?"

Ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Masu wanki suka saki tafi da shewa. Zuliha ce ta katse su.

"Kada ku yi murna tukuna. Baba ya ce kada a ƙara ambatar sunansa. Yana ganin ƙarya ya yi masa."

Abdulsalami ya miƙe. "Yau zan je."

Mota daban suka hau, don kada a ce tare suka zo. Ta riga shi isa, ta faɗa wa Inna komai. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Ni dai ba ruwana, ku da Malam."

Bayan la'asar ya iso. Baba na ƙofar gida ana ɗaure masa riɗi. Zuliha ta maƙale a zaure tana saurare. Ta ji ya yi sallama, ta ji an amsa a daƙile. Ya tsuguna ya yi bayani da Hausarsa mai tuntuɓe, bai ɓoye komai ba, sai sunan wanda ya tambaya ne bai kama ba.

Baba ya juyo ya dube shi.

"Wato kai a zatonka korarka na yi."

"E, Baba."

"Ba laifin tsaye ba na zaune."

"Na ce wataƙila don na so 'yarku ne."

"To don me ka share mini shago? Don me ka durƙusa ka yi mini godiya, har da addu'a?"

"Baba, kun ba ni ɗaki, kun ba ni tuwo, kun kira ni yaronku. Kora ba ta goge wannan."

A zaure Zuliha ta cusa mayafi a baki. Ta ji Baba ya yi gyaran murya har sau biyu, abin da yake yi in magana ta taɓa shi.

"Badamasi ya gaya mini gidanku," ya ce. "Amma yau na san wanda zan ba 'yata. Tashi. Ka je ka kawo mini iyayenka. Ka ji da kyau? Iyaye. Ka kawo su. Nan. Ko in kira Badamasi ya faɗa maka da Yarbanci?"

Masu ɗaurin riɗi suka fashe da dariya, Baban ma ya kasa daurewa.

Manya suka zo daga Offa da goro da doya cike da bayan mota. Badamasi aka sa tafinta, don Baba ya ce Hausar ango ba abin dogaro ba ce a maganar aure. Inna da uwar ango ba su da yaren da ya haɗa su, amma kafin yamma an gan su a gindin murhu, ɗaya na nuna wa ɗaya yadda ake kaɗa kuka. Rilwanu ya turo wa Zuliha saƙo: "Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Ki roƙa mini shi gafara." Ta nuna wa Abdulsalami, ya ce ya wuce, a gaya masa ya zo biki.

Bayan sun gama jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aure a Basirka. 'Yan ajinsu suka zo mota guda, kuma da aka shimfiɗa tabarmi ba wanda ya tuna da dama ko hagu. Sharifa ta sha lalle har gwiwar hannu, tana koya wa 'yan matan Gwaram ɗaurin gwaggwaro.

Da yamma aka kawo ango ya gaida iyaye. Duk zamansa a gidan bai taɓa wuce zaure ba, yau ma a nan ya toge, abokai na tura shi yana nonnoƙewa. Baba ya hango shi daga tsakar gida.

"Abdulsalami! Wancan karon na ce ka fito, ka gudu. To yau na ce ka shigo."

Ango ya waiga wajen amarya, wadda ke lulluɓe a tsakiyar ƙawaye, ya rage murya.

"Malamata, shigo ɗin nan, ma'anarsa nawa?"

"Ɗaya ce tak, Ɗalibina," ta ce daga cikin mayafi. "Shigo."

Ya cire takalmi ya shiga. Baba ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi a kan tabarma, ya ɗaga hannu: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, masu jin Hausa da Yarbanci duka, kada a sake irin wannan. Tsakar gida ta amsa da amin, har da waɗanda ba su ji abin da ya ce ba.